Malafa a Ka, Harshe Fa? Tsokaci a Kan Bikin Charro na Birnin Brownsville

Gabatarwa

Masu iya magana na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai ɗalibin da ko kuɗin motar komawa gida hutu sai an yi masa karo-karo, tafiyarsa ba ta wuce ta littafi da kallon hotuna. A zangon karatun da ya gabata, malaminmu na darasin walwalar harshe ya ba mu jinga a kan garuruwan bakin iyaka, wato inda harsuna biyu ke cuɗanya a kasuwa ɗaya da titi ɗaya. Ni sai rabona ya faɗa a kan birnin Brownsville da ke ƙarshen kudancin jihar Teksas ta ƙasar Amurka, wanda kogi ne kawai ya raba shi da birnin Matamoros na ƙasar Meksiko. A cikin wannan bincike ne na ci karo da wani biki da mutanen garin ke yi duk shekara a ƙarshen watan Fabrairu domin tunawa da asalinsu da al'adunsu na Meksiko. Sunan bikin Charro Days, ma'ana Ranakun Charro.

Da na nuna wa wasu abokan karatuna guda biyu hotunan bikin, nan take musu ya kaure. Na farkon ya taɓe baki ya ce da ni, "Haba malam, wannan ai cin kasuwa ne kawai aka sa wa malafa." Ta biyun kuwa cewa ta yi, "Ka ga mutanen da suka san darajar kansu. Muddin ana wannan biki, harshensu ba zai mutu ba." Na daɗe ina juya maganganun nan biyu a raina, kuma wannan maƙala ita ce amsata gare su. A taƙaice, ra'ayina shi ne biki irin wannan yana da amfani babba wajen ɗaga martabar al'umma a bainar jama'a, amma ba ya iya riƙe harshe. Tarihin wannan gari da kansa ne shaidata.

Garin da kogi ya raba

Kafin mai karatu ya fahimci bikin, sai ya fara sanin garin. Kogin da ya raba Brownsville da Matamoros sunaye biyu gare shi: Amurkawa na kiran sa Rio Grande, mutanen Meksiko kuma na ce masa Río Bravo. A da, gaɓar kogin duka biyu ƙasa ɗaya ce, mazaunanta kuma dangin juna ne masu kiwon shanu da dawaki. Meksiko ta sami 'yancin kanta daga Sifaniya a shekarar 1821. Teksas ta ɓalle daga Meksiko a 1836, Amurka kuma ta haɗe ta cikin jihohinta a 1845. Gardama a kan inda iyaka ta tsaya ita ce ta haifar da yaƙi tsakanin ƙasashen biyu, kuma babban gumurzu na farko an yi shi ne a filin Palo Alto ranar 8 ga watan Mayu, 1846, 'yan kilomitoci kaɗan daga inda Brownsville yake a yau. Sunan garin ma daga sansanin soja aka samo shi, wanda aka raɗa wa sunan Manjo Jacob Brown da ya mutu a wannan yaƙi.

Ranar 2 ga watan Fabrairu, 1848 aka sanya hannu a kan yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo. Meksiko ta rasa kimanin rabin ƙasarta, aka ba ta dala miliyan 15, kogin nan kuma ya zama iyaka. Dubban iyalai suka kwana a ƙasa ɗaya suka wayi gari a wata, ba tare da sun naɗe ko tabarma ba. Wannan ba baƙon labari ba ne ga duk wanda ya san yadda iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta ratsa tsakanin Katsina da Maraɗi. A ƙidayar shekarar 2020, Brownsville na da mutum 186,738, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na su 'yan asalin ƙasashe masu magana da Sifaniyanci ne, galibinsu daga Meksiko.

Yadda bikin yake

An fara wannan biki ne a shekarar 1938, lokacin da karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ba ta gama sakin Amurka ba. 'Yan kasuwar garin ne suka tsiro da shi domin su jawo baƙi kuma su farfaɗo da zukatan jama'a. Kalmar charro na nufin gwanin hawan doki na Meksiko, wanda ya gaji sana'ar kiwon shanu a kan doki. An san shi da adonsa: matsattsen wando mai jerin maɓallan azurfa a gefe, gajeriyar riga mai aiki, da faffaɗar malafa da suke kira sombrero. Mata kuwa suna sanya tufafin gargajiya na sassan Meksiko daban-daban, musamman wanda ake kira china poblana, wato farar riga mai surfani da dogon siket mai ƙyalƙyali.

Ana buɗe biki da abin da suke kira grito, wani dogon ihu na farin ciki. Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu shi ne guɗa, sai dai shi maza da mata duk suna yin sa. Daga nan sai jerin gwano a kan titin Elizabeth da ke tsakiyar gari: akwai na 'yan makaranta, akwai na dare wanda ake ƙawata motoci da fitilu, sannan babban jerin gwano na ranar Asabar. A daidai wannan lokaci mutanen Matamoros su ma suna nasu shagalin a ɗaya gaɓar. Magadan garuruwan biyu kan haɗu a kan gadar da ta haɗa su, su gaisa, su yi musayar kyaututtuka. Tun daga 1964 ake ba wani fitaccen ɗan Meksiko laƙabin girmamawa na Mr. Amigo, wato aboki. Wanda ya fara samu shi ne tsohon shugaban ƙasar Meksiko, Miguel Alemán, kuma shahararren ɗan wasan barkwancin nan Cantinflas yana cikin waɗanda suka biyo bayansa. A 1986 aka ƙara wani sashe mai suna bikin Sombrero a dandalin Washington, inda ake gasar grito da gasar cin barkono da ta dafa wake.

Bugu da ƙari, abubuwan da ake nunawa a bikin ba ƙanana ba ne a idon duniya. Hukumar UNESCO ta sanya kiɗan mariachi cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2011, ta sanya fasahar hawan doki ta charro a 2016. A wannan jeri ɗin dai ne aka sanya hawan Sallah na Kano a 2024.

Amsata ga mai kushe

Abokina da ya ce cin kasuwa ne bai yi ƙarya ba, domin kamar yadda muka gani, 'yan kasuwa ne suka assasa bikin, kuma neman ciniki na daga cikin manufofinsu. To, amma wane biki ne ba a cin kasuwa a cikinsa? Biki da kasuwa ai Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Abin dubawa shi ne halin da masu al'adar suke ciki a lokacin da aka fito da ita kan titi.

A shekarar 1915 da wadda ta biyo bayanta, jami'an tsaron jihar Teksas da 'yan sa-kai sun kashe ɗaruruwan 'yan asalin Meksiko a wannan yanki da ake kira Kwarin Rio Grande, inda Brownsville yake. A cikin shekarun 1930 an tilasta wa dubban ɗaruruwan mutane barin Amurka zuwa Meksiko, cikinsu har da waɗanda a Amurka aka haife su. A garuruwa da dama na Teksas, makarantar 'ya'yan 'yan Meksiko daban take da ta 'ya'yan fararen fata, wasu gidajen abinci ma ba sa barin su shiga. A irin wannan zamani, a ce gari guda ya tsayar da harkokinsa, manya da yara su sanya tufafin mutanen da ake raina wa, a yi kiɗansu a babban titi, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yaron da aka saba nuna masa cewa asalinsa abin kunya ne, ya ga magajin gari sanye da irin malafar kakansa, dole wani abu ya motsa a zuciyarsa.

Har yanzu ma irin wannan biki ma'auni ne na kwanciyar hankalin al'umma. Alal misali, a birnin Shikago, inda 'yan asalin Meksiko ke da yawa, an saba yin jerin gwano na ranar 5 ga watan Mayu domin tunawa da nasarar da sojojin Meksiko suka yi a kan na Faransa a garin Puebla a 1862. A shekarar 2025 masu shirya shi sun soke shi, suka ce jama'a na tsoron kamen da jami'an shige da fice ke yi. A watan Maris na wannan shekara kuma Shugaba Donald Trump ya sanya hannu a kan umarnin da ya ayyana Ingilishi a matsayin harshen hukuma na Amurka. Da a ce wasa ne kawai ake yi a irin waɗannan bukukuwa, da siyasa ba ta riƙa taɓa su haka ba. Saboda haka ban yarda da abokina ba cewa ciniki ne farkon maganar kuma shi ne ƙarshenta.

Amsata ga mai yabo

Maganar abokiyar karatuna ita ta fi daɗin ji, amma ita ce ta fi haɗari, musamman a bakin ɗalibar harshe. Ga dalilina. A shekarar 1918 majalisar jihar Teksas ta yi doka da ta wajabta koyarwa da Ingilishi a makarantun gwamnati, har ta tanadi hukunci ga malamin da ya saɓa. Ba a soke wannan doka ba sai 1969. Idan mai karatu ya lissafa daga 1938 da aka fara bikin zuwa 1969, zai ga shekara 31 ke nan. Wato shekara 31 ana ihun grito a kan titi, ana rawa da malafa, alhali tsarin makarantun jihar bai ɗauki harshen masu malafar a bakin komai ba.

A aikace ma abin ya wuce inda doka ta tsaya, domin yara ne suka fi shan wuya. A garin Marfa da ke yammacin Teksas akwai makarantar Blackwell, wadda aka keɓe wa 'ya'yan 'yan Meksiko. A shekarar 1954 aka sa ɗalibanta suka rubuta 'yan kalmomi a guntayen takardu, aka zuba a akwati, aka binne a harabar makarantar da sunan jana'izar Sifaniyanci. Daga ranar, duk wanda aka ji yana magana da harshen gidansu sai ya sha hukunci. Marubuciya Gloria Anzaldúa, wadda aka haifa a Kwarin Rio Grande a 1942, ta ba da labari a littafinta na 1987 yadda aka buge ta da rula a makaranta saboda ta yi Sifaniyanci, da yadda a kwaleji aka wajabta wa ɗalibai irinta darussan gyaran lafazi domin a kankare alamar harshensu daga Ingilishinsu. Da yawa daga cikinmu da muka taɓa biyan tara ko shan bulala a firamare saboda mun yi magana da harshen uwa, mun san ɗacin wannan ba sai an fassara mana ba.

To, me ya sauya wannan hali? A watan Nuwamba na 1968 ɗaliban sakandaren Edcouch-Elsa, a wannan kwari dai, sun ƙaurace wa azuzuwa su fiye da ɗari, kuma daga cikin buƙatunsu akwai a daina hukunta su saboda Sifaniyanci. A shekarar ne kuma gwamnatin tarayya ta yi dokar tallafa wa koyarwa da harsuna biyu. Teksas ta soke tsohuwar dokarta a 1969, sannan a 1973 ta wajabta koyarwa da harsuna biyu a ƙananan azuzuwa a gundumomin da ke da yawan yaran da ba su ƙware da Ingilishi ba. Kwalejin da ta tilasta wa Anzaldúa gyaran lafazi, a yau tana cikin Jami'ar Teksas ta Kwarin Rio Grande, wadda ta buɗe a 2015 da ƙudurin zama jami'a mai aiki da harsuna biyu. Makarantar Blackwell kuwa an yi dokar mayar da ita wurin tarihi na ƙasa a 2022. Duk waɗannan nasarori daga yajin ɗalibai da fafutukar iyaye da malamai da zauren majalisa suka fito. Babu ɗaya da aka samu daga jerin gwanon biki.

Ga kuma alƙaluman wannan zamani. 'Yan asalin Meksiko da ke Amurka sun haura miliyan 37 a 2021, kuma su ne mafi rinjaye cikin 'yan asalin ƙasashe masu Sifaniyanci a can. A wani bincike da cibiyar Pew ta wallafa a 2023, kashi 75 cikin 100 na waɗannan al'ummu sun ce suna iya hira da Sifaniyanci sosai. Amma da aka zo kan jikoki da tattaɓa-kunne, wato waɗanda su da iyayensu duk a Amurka aka haife su, sai adadin ya faɗo zuwa kashi 34. Su kuwa bukukuwan ba raguwa suka yi ba, domin a yau da wuya a sami babban birni a Amurka da ba a yin wani shagali da sunan al'adun Meksiko. Malafa ta isa hannun jika lafiya lau, abinci da kiɗa ma sun isa, amma harshe ya maƙale a hanya.

Wani zai ce, to ai a Brownsville ɗin Sifaniyanci na nan da ransa, a mafi yawan gidaje shi ake yi. Gaskiya ne. Sai dai a nawa ganin, gada ce ta riƙe shi. Kullum safiya dubban mutane ke tsallaka kogin nan domin aiki da karatu da sayayya da ziyarar dangi. Ana auratayya, ana sauraren rediyon juna, mai shago da ba ya jin Sifaniyanci cinikinsa ba zai yi nisa ba. Harshe yana rayuwa ne inda ake buƙatarsa kwana 365 a shekara. Wanda ya zauna a Sabon Ibadan ko Agege ya san abin da nake nufi, domin zirga-zirgar fatake da baƙi da ɗalibai tsakanin Kudu da Arewa ita ce ke sabunta Hausar waɗannan unguwanni a kullum.

Doki da goɗiya

Akwai wani ɗan garin Brownsville da ya kamata kowane ɗalibin adabin baka ya san sunansa, wato Farfesa Américo Paredes. An haife shi a garin a 1915, ya koyar a Jami'ar Teksas da ke Austin, ya rasu a 1999. Ya ƙarar da rayuwarsa wajen tattara waƙoƙi da labarai da barkwancin mutanen bakin iyaka, musamman waƙar da suke kira corrido, wadda ke ba da labarin wani abu da ya faru daga farko zuwa ƙarshe. Littafinsa na 1958 a kan waƙar wani manomi ne mai suna Gregorio Cortez.

Ga yadda labarin yake. A watan Yuni na 1901 shugaban 'yan sandan gundumar Karnes ya je gidan Cortez yana binciken satar doki, ya tafi da tafinta wanda Sifaniyancinsa bai nuna ba. Aka tambayi Cortez ko ya yi musayar doki a 'yan kwanakin nan, ya ce a'a. Gaskiya ya faɗa, domin goɗiya ya musanya. A Sifaniyanci, kamar dai a Hausa, kalmar namiji daban take da ta mace: caballo shi ne doki, yegua ita ce goɗiya. Tafinta bai san wannan bambanci ba, sai aka ɗauka ƙarya Cortez yake yi. Magana ta yi zafi, jami'in ya harbi ɗan'uwan Cortez, shi kuma Cortez ya harbe jami'in har lahira. Ya gudu, ɗaruruwan mutane suka yi kwana goma suna farautarsa kafin a kama shi. Ya yi zaman kurkuku har zuwa 1913 da aka yi masa afuwa. Kafin nan kuwa waƙarsa ta riga ta zagaye bakin iyaka.

Na kawo wannan labari ne saboda dalili biyu. Na farko, ya nuna cewa a irin wannan gari harshe magana ce ta rai da mutuwa, kalma ɗaya ta jawo asarar rayuka. Na biyu, ya nuna inda ainihin gadon mahayin doki yake. Jikan da ya hau doki ranar biki sanye da cikakken adon charro, amma bai san bambancin caballo da yegua ba, kuma ba ya fahimtar waƙar da ake rerawa a gefensa, to ya gaji sirdi ne kawai. Tarihin da kakanninsa suka ajiye a cikin corrido, wanda littattafan makaranta na wancan lokaci ba su damu da rubutawa ba, a kulle yake a gare shi.

Wace Meksiko ake nunawa?

Akwai kuma wata tambaya da ɗalibin harshe bai kamata ya tsallake ba. Idan aka ce al'adun Meksiko, ta wa ake nufi? Adon charro da kiɗan mariachi an fi danganta su da jihar Jalisco da ke yammacin ƙasar, nesa ƙwarai da Brownsville. Finafinan Meksiko na shekarun 1930 da 1940 ne suka taimaka wajen mayar da charro tambarin ƙasa baki ɗaya. Su mutanen bakin iyaka suna da nasu kiɗan da ake kira conjunto, wanda ake yi da akodiyon, wani abin kiɗa da ake zugawa kamar zuga-zugin maƙera, tare da babbar jita mai tsirkiya 12. Narciso Martínez, wanda ake ɗauka uban wannan kiɗa, a kusa da Brownsville ya girma, kuma ya fara naɗar faifai a 1936. Ke nan biki yakan zaɓi fuska ɗaya ya ɗaga ta, wani lokaci har ta rufe wadda ke cikin gida.

Shi kansa Sifaniyanci baƙo ne a Meksiko. Tare da doki suka zo a lokacin da Hernán Cortés ya sauka a 1519, kuma babban birnin daular Aztec ya faɗi a 1521. Hukumomin Meksiko sun lissafa harsunan asali guda 68, kuma wata doka ta 2003 ta amince da su a matsayin harsunan ƙasa tare da Sifaniyanci. Amma ƙidayar 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 7.4 ne kawai ke magana da su, wato kimanin kashi 6 cikin 100. Benito Juárez, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1858 zuwa 1872, ɗan ƙabilar Zapotec ne, kuma sai da ya kai kimanin shekara 12 kafin ya koyi Sifaniyanci. Harshen da ake dannewa a arewacin kogi, shi ne mai danne wasu a kudancinsa. Wannan darasi ne da ya kamata mai nazarin kowane babban harshe ya riƙa tunawa.

Mu ma muna ɗauke da gadon waɗannan al'ummu ba tare da mun lura ba. Kalmar tumatir asalinta daga tomatl ne a harshen Nahuatl na mutanen Aztec, ta bi ta Sifaniyanci ta shiga harsunan duniya har ta iso tukunyarmu. Masara kuwa a kudancin Meksiko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, duk da cewa sunanta na Hausa Masar yake nunawa. Wannan ya ƙara tabbatar mini da cewa abinci yana tafiya mai nisa ya bar masu shi a baya, kuma ci gaba da cin tuwon wata al'umma ba hujja ba ce cewa harshenta na raye.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ina kira a raina biki. A binciken Pew ɗin da na ambata, fiye da rabin waɗanda ba sa jin Sifaniyanci sosai sun ce 'yan'uwansu sun taɓa kunyata su a kan haka. Wannan zalunci ne a kan zalunci, domin da yawansu 'ya'ya ne da jikokin waɗanda aka doka a makaranta, waɗanda suka yanke shawarar kada 'ya'yansu su sha irin wuyar da suka sha. Ga irin wannan matashi, biki ne kaɗai wurin da zai shiga ba tare da an yi masa jarrabawa ba. Ya sanya malafa, ya yi ihu, ya ji cewa shi ma ɗan gida ne, wataƙila daga nan sha'awar koyon harshen ta kama shi. Biki ƙofa ce mai kyau. Kuskuren shi ne a tsaya a bakin ƙofa a ce an shiga ɗaki.

Saboda haka, ga abokaina guda biyu da sauran ɗaliban harshe, ina ba da shawarar ma'auni ɗaya. Duk lokacin da muka ga bikin al'ada, ko na Charro a Brownsville ne ko Makon Hausa a harabar jami'armu, kada mu tsaya a kan yawan dawaki da kyawun tufafi. Mu jira ranar Litinin, bayan an share titi an mayar da malafa cikin akwati, mu saurari da wane harshe uwa ke tashin ɗanta daga barci, da wanne malami ke yi masa bayani a aji, da wanne kuma yake faɗa da abokinsa a filin wasa. Abin da muka ji a wannan rana shi ne zai gaya mana ko al'adar na da sauran kwana a gaba. A Brownsville, har zuwa yau amsar mai daɗin ji ce, kuma yabon na iyaye ne da malamai da masu tsallaka gada a kullum. Allah Ya sa mu dace.